Kwana talatin a hannun masu bincike: me ke kare wanda ake zargi da ta'addanci?

Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga bisa babura suka afka wa Intazayene da Bakorat da Wistane a yankin Tillia na jihar Tawa, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Wanda ya rasa ɗa ko ƙane a wannan rana ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa hukuma take son hannunta ya yi ƙarfi a kan ƴan ta'adda. Sai dai akwai tambayar da ke biyo bayan kowane kamu: wanda aka ɗaure a bayan mota, shi ne ya yi kisan, ko kuwa makiyayi ne da aka tarar a bakin rijiya da waya a aljihu? A kwanakin farko na tsarewa ake samun amsar wannan tambaya, kuma a nan ne ake ɓatar da ita.

A laifi na yau da kullum, dokar bin shari'ar laifuka ta Nijar ta ba jami'in bincike, ɗan sanda ne ko jandarma, awa 48 ya riƙe mutum, abin da ake kira garde à vue da Faransanci, kuma alƙali mai shigar da ƙara na iya ƙara wasu awa 48. Ta'addanci yana da nasa tsarin. Dokokin 27 ga Janairu 2011 suka kafa sashen alƙalai na musamman a babbar kotun Yamai, aka kuma kafa ma'aikatar bincike ta tsakiya mai yaƙi da ta'addanci, wadda yanzu ake kira SCLCT/CTO. A lokacin wa'adin tsarewa awa 120 ne da ake iya sabuntawa sau ɗaya. Bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Difa a Fabrairu 2015, da ɗaruruwan mutanen da aka kwaso daga gabas, gyaran 2016 ya mai da shi kwana 15, ana iya ƙara wasu 15. Wata guda cur ke nan kafin mutum ya tsaya gaban alƙalin bincike.

Faransa, wadda muka gaji tsarin shari'arta, awa 96 take bayarwa a kan ta'addanci, iyakarta awa 144 idan ana fargabar hari na kusa. Ingila tana kaiwa kwana 14, amma da zarar an wuce awa 48 sai alƙali ya amince. Ƙa'idojin Luanda da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta amince da su a 2014 sun tsaya a kan awa 48. Masu kare wa'adinmu suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, daga Difa sama da 1,300, hanya tana bukatar rakiyar sojoji, buɗe waya ɗaya da bin lambobin da ke cikinta yana cin kwanaki. To amma ko an yarda da wannan hujja, abin da take nunawa shi ne a ƙara tsananta sa ido. Gwargwadon tsawon lokacin da mutum ya yi a ɗaki ɗaya da masu son ya yi magana, gwargwadon bukatar wani daga waje ya san halin da yake ciki. Kuma wanda ke sa hannu a ƙarin kwana 15 ɗin, wato mai shigar da ƙara, shi ne zai tuhumi mutumin gobe. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai fassara yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ya ce mai shigar da ƙara ba zai iya zama alƙalin da ke duba halaccin tsarewa ba. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne kada a sa hannu a ƙarin wa'adi sai an kawo mutumin an gan shi da ido, an tambaye shi ba tare da masu tsaronsa a ɗakin ba.

Matsalar farko ma tana tasowa tun kafin a kai komisariya. A Tillia da Tassara, waɗanda ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Maris 2017, yawancin kamun sojoji ne ke yin sa a daji, kuma soja ba jami'in binciken shari'a ba ne. Tsakanin sa'ar da aka kama mutum da sa'ar da aka miƙa shi ga jandarma ana iya yin kwana biyu, ana iya yin goma, a sansani ko a kan hanya. Idan ba a rubuta wannan lokaci ba, a idon doka bai wanzu ba, kuma duk abin da ya faru da mutum a cikinsa babu mai ɗaukar alhaki. Maganin takarda ce guda ɗaya da ake cikewa a wurin kamu: rana da sa'a, sunan wuri, rundunar da ta yi kamun, abin da aka ga mutumin yana yi, abin da aka samu a jikinsa, raunin da yake da shi, sai sa hannun mai miƙawa da mai karɓa a kowane zango. Jandarmomin da ke rakiyar rundunoni don aikin shari'a saboda wannan aka sa su.

Ga yadda abin ke lalacewa. An kama mutum goma sha biyu a kasuwa ɗaya, an zuba wayoyinsu a leda ɗaya, ba a rubuta wace ta wane ba. Bindigar da aka samu a cikin ciyawa ba a ɗauki hotonta a inda take ba, ba a rubuta lambarta ba. Takardar rakiya kalma ɗaya ta ɗauka: “wanda ake zargi.” Sojan da ya ga abin da ya faru an sauya masa wurin aiki. Mai bincike a Yamai sai ya wayi gari da mutum a gabansa, babu shaida, babu kayan hujja da za a iya jingina masa, ga manya suna jiran sakamako. Abin da ya rage masa shi ne bakin mutumin. Daga nan matsi ke farawa, kuma galibi ba mugunta ce ke haifar da shi ba, fayil ne da ya zo wayam. Saboda haka leda mai lamba ga kowace waya, da hatimi, da sunan mai ita, suna cikin abubuwan da ke kare fatar wanda aka kama, ko da yake ba a saba lissafa su a cikin haƙƙoƙi ba.

Da an shiga ofis, sai rajistar tsarewa. Littafi ne ɗinkakke mai lambar shafi, don kada a cire ganye ko a cusa wani. A ciki ake rubuta lokacin shigowa, lokacin da aka fitar da mutum don tambayoyi da lokacin da aka maido shi, wanda ya fitar da shi, abinci, ziyarar likita, zuwan lauya. A nan kuma ya kamata a rubuta sa'ar da aka sanar da danginsa. Mai bincike na iya jin tsoron kiran waya zai ankarar da abokan laifi, kuma wani lokaci tsoron na da tushe. Amma sanarwar ba ta bukatar a ba shi waya a hannu. Jami'i na iya kiran mai gari ko hakimi ya ce wane yana hannunmu a wuri kaza. Mutumin da aka san inda yake da wuya ya ɓata. Rahoton da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, CNDH, ta fitar a Satumba 2020 kan mutum 102 da suka ɓace a yankin Inates na jihar Tilaberi, inda ta ce ta gano gawa 71, ya isa ya nuna inda kamun da ba a rubuta ba kan ƙare.

Batun lauya a takarda ya yi kyau. A laifi na yau da kullum, dokarmu ta ce a sanar da wanda aka tsare haƙƙinsa na ɗaukar lauya daga awa ta 24, in ba haka ba binciken ya rushe. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 05 ta Satumba 2014, wadda ke aiki kai tsaye a ƙasashen ƙungiyar, ta ma wuce nan: lauya na taimakon mutum tun daga lokacin kamu. A aikace kuwa, kusan dukkan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, kuma dangin da ke Tillia, waɗanda watakila an kore musu garke, ba su san ƙofar da za su buga ba. Hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ da aka kafa a 2011 ba ta da hannun da zai kai kowane ɗakin tambayoyi. Sai rubuta wannan layi a takarda ya koma al'ada: “an sanar da shi haƙƙinsa, ya ce ba ya bukata.” Mutumin da bai taɓa ganin lauya ba a rayuwarsa, ta yaya zai yafe abin da bai san amfaninsa ba? Tunda kusan duk fayilolin ta'addanci a Yamai suke taruwa, abin da zai yiwu shi ne ƙungiyar lauyoyi ta tsara jerin masu jiran kira, a biya su daga asusun gwamnati, kowane sabon shigowa ya samu ganawa ta sirri ko ta minti talatin ce kafin tambayar farko. Aikin lauya a wannan zama ba hana bincike ba ne. Ya bayyana wa mutum abin da ake zarginsa da shi, ya gaya masa yana da damar yin shiru, ya duba jikinsa, ya karanta takarda kafin a dangwala yatsa, ya rubuta abin da ya gani a haɗa da fayil.

Inda aka fi yin ɓarna ba tare da an taɓa jikin kowa ba shi ne harshe. Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma takardar bayani, wadda kowa ke kira PV, da Faransanci ake rubuta ta. Wanda aka kama kuwa Fulatanci yake ji, ko Tamajak, ko Zabarmanci, ko Barbarci, ko Larabci. Sau da yawa magana tana bin zango biyu: daga Fulatanci zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Faransanci, kuma a kowane zango tana zubar da wani abu. Makiyayi ya ce: sun zo da bindiga, sun ƙirga shanuna, sun ɗauki biyu suka ce zakka ce. A takarda sai ta fito: ya amsa cewa yana ba ƙungiyar gudummawa. Mai shago ya ce ya sayar da shinkafa da jarkar mai ga wasu da bai isa ya hana ba, takarda ta ce mai kai musu kayan aiki ne. Wani ya ce ya san wane domin tare suka tashi a ruga ɗaya, takarda ta ce yana da hulɗa da shi. Tsakanin wanda aka ƙwata da wanda ya bayar da son rai akwai shekaru masu yawa na kaso, kuma bambancin duka yana cikin kalma ɗaya da tafinta ya zaɓa.

Shi ya sa tafinta ya kamata ya zama rantsattse, a rubuta sunansa a PV, kada ya kasance cikin waɗanda suka yi kamun, kada kuma ya fito daga ɓangaren da ke rikicin gona ko rijiya da mutanen wanda ake tambaya. A arewacin Tawa da Tilaberi wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin tsohuwar gaba tsakanin al'ummu takan sa rigar yaƙi da ta'addanci ta shigo ofis. A rubuta tambaya da amsarta kamar yadda aka faɗe su, a bar taƙaitawa da salon mai bincike. A karanta wa mutum takardar da harshensa kafin ya dangwala. Abin da ya fi duk waɗannan sauƙi kuma shi ne naɗar murya. Waya ɗaya da katin ajiya sun isa. A fara da faɗin rana da sa'a da sunayen duk waɗanda ke ɗakin, a faɗi sa'a duk lokacin da aka tsaya, a yi kwafi biyu, ɗaya a rufe da hatimi a kai wa magatakardan kotu. Ingila ta sha wannan darasi da ɗaci: mutum huɗu na Guildford da shida na Birmingham an ɗaure su a 1975 kan harin bam bisa iƙirarin da aka tatsa daga bakinsu, ba a sake su ba sai 1989 da 1991. Yau tambayoyin ta'addanci a can da hoto da murya ake naɗe su. Naɗin yana kare jami'in kirki ma, ranar da wani zai yi masa ƙazafin duka.

Dokarmu tana da wani tanadi mai kyau da ba kowace ƙasa ke da shi ba: wanda za a kai gaban mai shigar da ƙara sai an haɗa shi da takardar likita da ke nuna ba a azabtar da shi ba. Wannan tanadi an yi shi ne da tsarewar kwana biyu ko huɗu a rai. Ƙurjewa da taruwar jini a ƙarƙashin fata sukan baje cikin mako biyu. Idan an doki mutum a kwana na uku, likita ya gan shi a kwana na ashirin da tara, zai rubuta gaskiya cewa bai ga komai ba, takardar kuma ta zama shaidar wanke wanda ya yi dukan. Dole duban ya zama sau uku aƙalla: ranar shigowa, ranar ƙarin wa'adi, ranar fita. Na farkon ne ke raba raunin da mutum ya zo da shi daga daji da wanda ya samu a ofis. A yi shi babu jami'i a ɗakin, babu ankwa, a cire riga, a duba tafin ƙafa, wuyan hannu, bayan kunne da cikinsa, haƙarƙari da al'aura. A zana raunin a hoton jiki, a auna shi da santimita, a rubuta abin da mutum ya ce ya jawo shi, sannan likita ya faɗi gwargwadon yadda raunin ya dace da labarin, kamar yadda ƙa'idar Istanbul ta 1999 kan binciken azabtarwa ta tsara. A tambayi launin fitsari: fitsari mai duhu kamar shayi bayan duka alama ce ta naman jiki da ya farfashe, kuma yana iya kashe ƙoda cikin kwanaki. A tambayi mutuwar yatsu, wadda ɗaurin da ya matse jijiya ke kawowa. Takardar layi ɗaya mai cewa “lafiyarsa ta dace da tsarewa” ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai kuma abin da ba ya barin tabo: hana barci, tsayuwar awanni, rufe ido, barazanar kamo mata ko uwa, hana ruwa a ɗakin kwano cikin watan Afrilu lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Rajista ce kaɗai ke kama irin wannan, idan an cika ta da gaskiya. Ƙa'idar Ingila ta awa 8 na hutu a jere cikin kowace awa 24 ma'auni ne da ba ya cin ko dala.

Wasu za su ce duk wannan gata ne ga wanda bai ji tausayin kowa ba. Yarjejeniyar yaƙi da azabtarwa, wadda Nijar ta shiga a 1998, ta rufe wannan ƙofa: yaƙi ko dokar ta-ɓaci ko umurnin na gaba ba sa halatta azaba, kuma sashe na 15 ya hana kotu karɓar maganar da aka samu ta haka. Tun Mayu 2020 azabtarwa laifi ce mai zaman kanta a dokar hukunta laifuka ta ƙasa. Malamanmu ma sun san ƙa'idar kawar da haddi idan akwai shubuha, sun san kuma yadda Annabi (SAW) ya riƙa kau da kai daga Ma'izu yana maimaita masa tambaya, alhali shi ya kawo kansa. Amma ko ta fuskar tsaro zalla, wanda ake duka yana faɗin abin da zai tsayar da dukan ne. Yana ba da sunaye: maƙwabci, wanda yake bin sa bashi, wanda ya taɓa gani a kasuwa. Kowane suna sabon kamu ne, man mota ne, kwanakin ma'aikata ne, an bar jaki ana dukan taiki. Binciken da UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta wallafa a 2017, wanda ya tattauna da tsofaffin ƴan ƙungiyoyin nan a Afirka, ya samu kashi 71 cikin ɗari suna cewa wani aikin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne ya tunkuɗa su shiga. Ƙa'idojin Méndez na 2021 sun tattara hanyar da ƙwararru ke bi: mai bincike ya shirya kafin ya shiga, ya bar mutum ya ba da labarinsa a buɗe ba katsewa, ya bi shi da tambayoyin wuri da lokaci, sai daga baya ya fito da abin da ke hannunsa, kamar bayanan kiran waya, ya ga inda labarin ya karye. Wannan hanya tana bukatar fayil mai nauyi, wanda ya maido mu kan ledar wayoyin nan ta kasuwa.

Yara suna da nasu hukuncin. A Fabrairu 2017 Nijar ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya kan miƙa yaran da aka samu tare da ƙungiyoyi masu makamai ga ma'aikatan kare yara. Cikas ɗin shi ne yawancinsu ba su da takardar haihuwa, kuma saurayi ɗan shekara 16 da ya tashi a bayan garke yana iya kama da ɗan 20. Inda aka yi shakka a ɗauke shi yaro har sai an tabbatar.

Abin da aka rubuta a waɗannan kwanaki yana bin mutum nesa. A kan babban laifin ta'addanci ana iya tsare shi jiran shari'a har shekara 4, a gidan kason Kutukale ko na Kollo, kuma alƙalin bincike da ke da tarin fayiloli yakan dogara da PV ɗin farko. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a 2017, da dama an sallame su don babu hujja, bayan sun riga sun share shekaru a kaso. Wanda ya ce an tilasta masa, bai kamata a ce ya kawo shaida ba, domin shi ba ya riƙe da rajista ko takardar likita. Hukumar da ta riƙe shi ita ce za ta nuna yadda ta samu maganar.

Masu leƙowa daga waje kuma sun ragu. A 2020 aka ɗora wa CNDH aikin ziyartar wuraren tsarewa don rigakafin azaba, bisa ƙarin yarjejeniyar yaƙi da azabtarwa da Nijar ta shiga a 2014, sai aka rusa hukumar bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023. Fitar ƙasar daga CEDEAO a Janairu 2025 ta rufe hanyar kotun ƙungiyar da ke Abuja. Dokar 27 ga Agusta 2024 ta kafa kundin sunayen waɗanda ake dangantawa da ta'addanci, wanda shigarsa kan jawo toshe dukiya da dakatar da zama ɗan ƙasa tun kafin a yanke hukunci, abin da ya ƙara wa kalmar da aka rubuta a PV nauyi. Nauyin sa ido yanzu ya fi komawa kan alƙalai masu shigar da ƙara, waɗanda doka ta riga ta ba su ikon kula da aikin jami'an bincike. Ziyarar da ke da amfani ita ce wadda ba a sanar ba, da dare ko ranar hutu. Mai ziyara ya ƙirga mutanen da ke ɗaki ya gwada da sunayen da ke rajista, ya nemi a buɗe masa kowace ƙofa har da ma'ajiyar kaya, ya zaɓi mutum uku da kansa ya gana da su su kaɗai, ya tambayi kowannensu ranar da aka kama shi, ya gwada da ranar da aka rubuta.